Tsufan gini da tsufan zama: tarihin tsohon gida a ƙasar Hausa, daga Gidan Rumfa zuwa Lugu

1. Gabatarwa

A garin Lavenham da ke gabashin Ingila akwai wani gida da aka gina a shekara ta 1395, zamanin da garin ke cin moriyar cinikin ulu. Benensa ya karkata, har wanda ya tsaya a gabansa yakan ga kamar yau zai faɗi, amma ya haura shekara 600 a tsaye, kuma an ci gaba da kwana a cikinsa har cikin wannan ƙarni namu. Mutanen wurin suna kiran sa karkataccen gida, suna kuma danganta shi da wata tsohuwar waƙar yara. A birnin Paris, gidan da Nicolas Flamel ya gina a 1407 yana nan a titin Montmorency, ana lissafa shi cikin gidajen da suka fi tsufa a birnin. Duk wanda ya yi karatu a Faransa ya ga irinsu a Rouen ko a Troyes, masu ƙirar itace da bango mai tumbi, kamar an zaro su daga cikin tatsuniya.

Mafarin wannan ƙasida tambaya ce da wani ɗalibi ɗan Tibiri ya yi mana a aji: shin a ƙasar Hausa akwai mai kwana cikin gidan da ya kai shekara 500? In akwai, ina ne? In kuwa babu, me ya hana kakanninmu su bar ko da ɗaki guda? Tambayar tana da nauyi, domin a bayanta akwai zaton cewa al'ummar da ba ta bar ginin dutse ba, ba ta bar tarihi ba.

Amsarmu ita ce akwai irin wannan gida, sai dai wajibi ne a fara tantance abin da ake ƙidayar shekarunsa. Bature yana ƙidayar shekarun itace da dutse. Bahaushe yana ƙidayar shekarun zama, wato tsawon lokacin da wuri ya yi ana hura wuta a cikinsa, magaji yana bin magaji. Za mu kafa hujja da abu uku: kalmomin harshe, fasahar magina, da tarihin wurare biyu, Gidan Rumfa a Kano da ɗakin Sarauniya a Lugu, cikin ƙasar Arewa. Daga ƙarshe za mu duba abin da zama cikin tsohon gida ke ci wa mai shi a yau.

2. Abin da harshe ke cewa: gida, kango, kufai

Kalmar gida tana ɗauke da ma'ana uku a lokaci guda: wurin da aka kewaye da katanga ko darni, mutanen da ke ciki, da zuriyar da suka fito daga gare ta. Mai fassara zuwa Faransanci yakan zaɓa tsakanin concession da famille da lignage, gwargwadon jimlar da ke gabansa. In aka ce an raba gida, ƴan'uwa ne suka raba tukunya da gona, ko da ba a taɓa katanga ba. In aka ce gida ya mutu, magaji ne ya ƙare, ko da soro na tsaye. Maigida da uwargida da ɗan gida da baran gida duk matsayi ne na mutane. Haka kuma babban gida na iya zama na ɗaki uku, in dai daga cikinsa ne sauran gidajen dangi suka fita. Faransanci ma ya san wannan ma'ana, tun da ana cewa maison de Bourbon, amma a can ta tsaya ga gidajen sarauta; a Hausa kuwa ta game manomi da maƙeri da sarki.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Ranar da mutane suka bar gini, harshe yakan janye masa sunan gida, ya ba shi wani. Ginin da aka ƙaurace wa, rufinsa ya zube, bangonsa na tsaye, sunansa kango. Wurin da gari ko gida ya taɓa zama, ba abin da ya rage sai tudu da katanga-katangar tukwane da kuka, sunansa kufai. Ke nan matakai uku ne: gida, kango, kufai, kuma abin da ke raba na farko da na biyu shi ne mutum. Karin maganar da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ana fassara ta a kan baƙunci, amma magini zai iya fahimtar ta a zahirinta: ɗakin ƙasa da aka rufe damina biyu ko uku ba a kula da shi ba, mai shi zai dawo ya tarar da kango.

Saboda haka jimlar Faransanci une maison inhabitée du XVe siècle ba ta da kishiya madaidaiciya a Hausa. Abin da ba kowa ciki tun ƙarni na 15 ya daɗe da zama kufai. Ita kanta kalmar Moyen Âge ma'auni ne na tarihin Turai, wanda suke rufewa wajen 1453 ko 1492. Mun riƙe ta a nan don kwatanci kawai, ganin cewa mulkin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya faɗo daidai ƙarshenta.

3. Me ke karkatar da tsohon gini?

Karkatar gidajen Lavenham tana da dalili sananne. Masassaƙa sun yi aiki da ɗanyen itace, domin shi ya fi sauƙin sassaƙa. Da ya bushe sai ya murɗe, ya ja bango da bene. Daga baya cinikin ulu ya faɗi, garin ya talauce, ba a samu kuɗin rushewa a sake gini irin na yayi ba. Talaucin da ya hana gyara shi ne ya adana gidajen.

Karkatar ginin Hausa daga wata hanya take. Magini yakan haƙo birji daga kududdufi, a kwaɓa shi da ciyawa, a tattake, a bar shi ya kwana, sannan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Ana jera shi tsininsa na kallon sama, ana cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yakan fara da kauri a gindi, yana sirancewa yana hawa, kuma ma'aunin magini kamu ne da taki da ido. Irin wannan bango tun ranar gininsa ba ya bin zare.

Rufi kuma yana da tasa doka. Azara, wato tsagin kututturen giginya, gara ba ta cika cin ta ba, amma ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce kamu huɗu, wato kusan mita biyu. Wannan ne ya sa tsofaffin ɗakunan soro suke da ƙunci. Mai son faɗi sai ya kafa ginshiƙi a tsakiya, ko a ɗora azara bisa azara daga kusurwa, ko a ɗaure baka, wanda ake kira bakan gizo. In bakuna suka haɗu a tsakiyar rufi kamar igiyoyin guga, shi ne ɗaurin guga, a bisansa kuma a tada tulluwa. A lura da sunan: bakan da ke riƙe da rufin sarki da bakan da ke fitowa a sama bayan ruwa suna ɗaya gare su, kuma duka biyu an jingina su ga Gizo na tatsuniya.

Abin da ya fi kome sauya surar gini shi ne yaɓe. Kowace damina tana wanke wani abu daga bango, musamman ta gabas inda hadari ke bugowa, kowane rani kuma ana mayar da wani abu. Masu hali suna shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsi na gindin karofi. Bayan shekara 50 kusurwa ta zama kwana, zanko ya gajarce a nan ya tsawaita a can, ƙofa ta nutse domin titi ya tashi. Wanda ya iya karatun bango zai gane inda aka toshe ƙofa, da inda aka ƙara ɗakin amarya, da daminar da ta yi ɓarna. Karkatar gidan Lavenham shaida ce ta cewa an bar itacen farko a wurinsa. Karkatar soron Kano shaida ce ta hannuwan da suka yi ta komawa kansa.

4. Gidan Rumfa: shekara 500 ana kwana

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa abubuwan da Muhammadu Rumfa ya ƙago, cikinsu har da gina wannan gida, da faɗaɗa ganuwa, da kafa kasuwar Kurmi. Tun ƙarshen ƙarni na 15 gidan yake mazaunin sarakunan Kano. Rumfawa sun zauna, Kutumbawa sun zauna, bayan jihadi Sulaimanu ya zauna, sannan Ibrahim Dabo daga 1819 da zuriyarsa. Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, amma gidan bai zama kango ba.

Wani labari da ke cikin wannan littafi ya isa ya nuna darajar zama. Da Sulaimanu ya zama sarki bayan jihadi, jama'arsa sun hana shi shiga gidan, saboda gidan sarakunan da suka yaƙa ne, sai ya sauka a wani gida. Wani daga cikin Kanawa ya gaya masa cewa muddin bai shiga Gidan Rumfa ba, sarautarsa ba za ta kama birni da ƙauye ba. Sulaimanu ya nemi izini wurin Shehu Usmanu, Shehu ya ba shi, sai ya shiga. Masu jihadi sun sauya tuta da shari'a, amma wurin kwana ya gagare su sauyawa. Maganar ba ta tsufa ba: a watan Mayu na 2024, da gwamnatin jihar Kano ta mayar da Muhammadu Sanusi II, shi ya shiga Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero kuma ya sauka a gidan sarki na Nasarawa, kuma wanda ke kwana a wane gida ya zama wani babban ɓangare na gardamar.

To, mene ne ya shekara 500 a cikin wannan gida? Kowane zamani ya ɗora nasa. Ƙofar Kudu, wadda baƙo ke ɗauka ita ce fuskar gidan tun asali, aikin Abdullahi Maje Karofi ce a rabin ƙarshe na ƙarni na 19. Soron Ingila na zamanin Abdullahi Bayero ne (1926–1953). Bayan haka siminti da lantarki da famfo sun shiga. Abin da ya ɗore shi ne filin, da tsarin rabon wuri tsakanin fada da cikin gida, da sunayen sassa, da muƙaman masu hidima irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama da Uwar Soro da jakadu mata. Binciken Ruƙayyatu Ahmad Rufa'i a kan gidan, da na Heidi Nast wanda ya fito a 2005, sun dogara ƙwarai da bakin mazauna, musamman mata, domin su ne ke riƙe da sanin wace ce ta zauna a ina, kuma a zamanin wa.

Kwatanci da Gidan Makama yana da amfani. Shi ma ana danganta shi da zamanin Rumfa, yana kuma kusa da fada, amma an mayar da wani sashensa gidan adana kayan tarihi. Mai ziyara yakan ga bakan gizo da zane a bango, ma'aikata kuma su kulle ƙofa da yamma su tafi. Gwamnati ce ta ɗauki nauyin da a da iyali ke ɗauka, kuma lafiyar bangon ta rataya ga kasafin kuɗi.

Haka zancen yake a cikin Nijar. Tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2013, tsarinsa na ƙarni na 15 da na 16 ne, mutane kuma na zaune a ciki. Hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27 ana danganta ta da farkon ƙarni na 16, amma an sake gina ta a 1844, kafin Heinrich Barth ya gan ta a 1850. Ba mu taɓa jin ɗan Agadas ya kira ta sabuwa ba.

5. Arewa: tsohon gida ba tare da tsohon bango ba

Mu dawo ga ƙasar ɗalibin da ya yi tambaya. Gundumomin Dogondutsi da Tibiri, cikin jihar Doso, gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011, kuma tarihinsu ɗaya ne, na kwarin Dallol Mawri. Ƙasa ce ta rairayi da duwatsun marmara, ta manoman hatsi da mafarauta. Ginin gargajiyarta ɗaki ne mai kewaye da jinkar ciyawa, da darni na kara ko zana, da rumbu. Jinka takan yi ƴan shekaru a sake ta, darni kuwa kusan kowace shekara. Sarauta ma ba ta zauna wuri ɗaya ba: Matankari ta riƙe ta, sannan ta koma Dogondutsi a farkon ƙarni na 20, lokacin da Faransawa suka kafa bariki a can. Tibiri ta Samna kuwa a tsakiyar ƙarni na 19 ta kafu, ta hannun Samna Karhe. Mai neman soron ƙarni na 15 a nan zai koma hannu banza.

Amma akwai Lugu. Bisa ga labarin baka, wanda Marc-Henri Piault ya tattara cikin littafinsa na tarihin Mawri (1970), Gubawa su ne ƴan ƙasa na farko, kuma Sarauniyar Lugu da Bauran Bagaji su ne jigoginsu. Arawa, masu sarauta, suna danganta kansu da wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari, wanda ya haihu da ɗiyar gidan Bagaji. Wato kafin a yi Sarkin Arewa akwai Sarauniya. Ana cewa daga Daura ta fito, kuma dutsen Tunguma, wanda ake zuwa gare shi neman hukunci, yana cikin labarin zuwanta. Al'adar muƙamin ita ce Sarauniya ta yi zaman tsari a ɗakinta, in ta rasu kuma gawarta ce ke nuna magajiya, ta hanyar abin da ake kira tarkama.

A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, zamanin Sarauniya Mangu, aka yi yaƙi, aka ƙone garin. Wannan ne labarin da Abdoulaye Mamani ya mayar ƙagaggen littafi a 1980, Med Hondo kuma ya mayar fim a 1986. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da ya biyo bayan gobarar: mutane sun dawo, an sake ɗaura jinka, Sarauniya ta koma ɗakinta, sarauniyoyi kuma suka ci gaba da bin juna cikin ƙarni na 20. Ba ko ƙwayar ciyawa guda a wurin da ta girmi 1899, duk da haka a idon ƴan Arewa ɗakin Sarauniya ya girmi sarautar Arewa kanta. Da Nijar ta miƙa wa UNESCO jerin wuraren da take fatan a karɓa a 2006, Lugu na ciki, tare da Birnin Damagaram, da fadar Zarmakwai ta Doso, da masallatan ƙasa na jihar Tawa.

Abin da ya tabbata ga Lugu ya tabbata ga gidan talaka. Friedrich Schwerdtfeger, cikin nazarinsa na gidajen Zariya (1982), ya nuna yadda ɗakuna ke ƙaruwa da raguwa gwargwadon aure da haihuwa da mutuwa da rabon gado. A gidanmu na gado, cikin wani ƙauye arewa da Matankari, wata gwaggonmu takan jera sunayen masu gida bakwai, ɗaya bayan ɗaya, ta nuna inda ɗakin kowane ya tsaya, alhali bangon da ya fi tsufa a gidan bai kai shekara 50 ba. Alamominta su ne rijiya, da wata tsamiya, da turmin da ya huje aka kife, da gurbin da ba a sake gini a kansa ba tun da mai shi ya rasu. Hanyar da ke shiga daga zaure tana kwana sau uku, kuma kowace kwana tana kauce wa ɗakin da babu shi yanzu. Karkatar gidan Arewa a ƙasa take, cikin tsarin fili, kuma sai da bakin tsohuwa ake iya karanta ta.

6. Abin da zama ke ci

Kada mai karatu ya ɗauka muna yabon talauci. Zama cikin tsohon gidan ƙasa aiki ne da ba ya ƙarewa. Kafin damina sai an hau rufi an share, an duba indararo, an cike tsaga, an yi yaɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ke tashi tsakar dare da ƙwarya da fitila. A da gayya ce ke ɗaukar wannan nauyi; a yau samarin da za su kwaɓa ƙasa suna ci-rani a Yamai ko Lagos ko Kwatano daidai lokacin aikin. Azara ta yi tsada, domin giginyar da ta rage a kudancin Dallol Mawri, wajen Gaya, tana ƙarƙashin kariyar ma'aikatar gandun daji. Matar da ta ce tana son ɗakin bulo da rufin tol tana da hujjarta, ko da ta san cewa a watan Afrilu ɗakin ƙasa ya fi sanyi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma haɗarin rai. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin Babban Gwani na shekarun 1830, ya rufta kan masallata lokacin la'asar, aka yi asarar rayuka. A farkon Satumba 2024, cikin daminar da ta yi ɓarna a duk faɗin Nijar, tsohon masallacin Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19 ya zube. Waɗannan gine-gine ne da kowa ya sani; gidajen iyali da suka faɗi a wannan damina ba a rubuta sunayensu cikin tarihin gini ba.

Wani maganin ma ya fi cutar muni. Mu kanmu, da mu da ƴan'uwa mazauna Yamai, mun taɓa haɗa kuɗi muka sa aka shafe zauren gidanmu da siminti, da nufin a huta da yaɓe. Siminti ba ya kama ƙasa, ba ya kuma barin laima ta fita. Ya tsage, ruwa ya shiga ta bayansa, bangon ya jiƙa a ɓoye, muna ganin fuska lafiya lau. A damina ta huɗu ɓawon ya ɓalle da rabin bangon. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Tsohon maginin ƙauyen, wanda ba mu shawarta ba, ya sake tada shi da ƙasa. Mun sayi hutu daga aikin da shi ne ran ginin.

7. Kammalawa

Yarjejeniyar Venis ta 1964, wadda ta daɗe tana jagorancin masu adana gine-ginen tarihi, ta ba da fifiko ga kayan gini na asali. Da wannan ma'auni ɗakin Lugu ba shi da shekaru, Gidan Rumfa kuma sai a yi ta jayayya a kan kowane bango. Takardar Nara ta 1994 ta sassauta, ta yarda cewa kowace al'umma tana da hanyarta ta gane sahihin abu; a Japan, inda aka yi taron, ana sake gina wurin bautar Ise duk bayan shekara 20, a Jenne ta Mali kuma ana yaɓe babban masallaci kowace shekara. Dokar Nijar ta 30 ga Yuni 1997 kan kayan gadon al'adu, da yarjejeniyar UNESCO ta 2003 kan gadon da ba a taɓa shi da hannu, sun buɗe ƙofar da za a bi.

Sai dai a yi hattara. In aka ce gida mutane ne, mai neman fili zai iya cewa to a rushe soro a zuba bulo, tun da mutanen na nan. Ba haka muke nufi ba. Zaman da muke magana a kai ya haɗa da sanin gyara, da tsarin fili, da sunayen sassa, da hannun magini. Masallacin Yama, a jihar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara ginawa a 1962 ya kuma ci kyautar Aga Khan a 1986, shaida ne cewa fasahar ta kawo har zamaninmu, kuma ana iya yin sabon abu da ita.

A nan ne sashenmu ke da aikin yi. Muna ba ɗalibai masu neman batun kundi shawara uku. Na farko, a ɗauki gidan gado guda a Matankari ko Bagaji ko Tibiri ko Gecheme, a naɗi jerin masu gida daga bakin tsofaffi mata da maza, a zana filin, a sa gurbin kowane ɗaki da ya ɓace. Na biyu, a tattara kalmomin magina da masu jinka cikin Arewanci, a kwatanta su da na Kano da Damagaram, domin abin da aka rubuta a kan ginin Hausa, kamar aikin J. C. Moughtin (1985) da na Z. R. Dmochowski (1990), ya fi karkata ga biranen Nijeriya. Na uku, a koma ga kaset-kaset na labarin baka da ke ajiye a IRSH da CELHTO a Yamai, a tsamo abin da aka faɗa a kan gidaje da kufai, wanda masu naɗin ba su sa a gaba ba saboda hankalinsu na kan sarakuna da yaƙe-yaƙe.

Ga ɗalibinmu na Tibiri, amsa ita ce: ana kwana cikin gida mai shekara 500 a Kano, ana kuma riƙe da ɗakin da ya girmi sarautar ƙasarsa a Lugu, tafiyar yini guda daga garinsu. Gwaggonmu da ke jera sunaye bakwai ta haura shekara 80, kuma a cikin ƴaƴan gidan ba wanda ya wuce na huɗu in bai duba takarda ba. Aikin naɗin ya kamata a fara shi da ranin bana.